Ranar da wayoyin Amurka suka ɗau ƙara lokaci guda

Jama'a barkanmu da warhaka. Ranar Laraba 4 ga Oktoban 2023, ƙarfe 2:20 na rana agogon Washington, sai wayoyi a faɗin Amurka suka ɗau ƙara gaba ɗaya, a aji, a ofis, a cikin bas, irin ƙarar nan mai huda kunne, ga saƙo ya fito a fuskar waya wai gwajin tsarin gargaɗin gaggawa ne, ba abin da ake so ka yi. Rediyo da talabijin ma sai da aka katse musu shiri. Hukumar agajin gaggawa ta FEMA ce ta shirya abin tare da FCC mai kula da sadarwa.

To ina suka samo lambar kowa? Ai ba su nema ba ma. Wannan ba irin tes ɗin da ake turo maka a layinka ba ne, ƙarfen sabis ne yake shela kamar sanƙira a bakin kasuwa, duk wayar da ke kunne a kewayensa sai ta ji, ko kai baƙo ne, shi ya sa cunkoson layi ba ya riƙe saƙon a hanya.

Me ya kawo gwajin kuma? Don abin yana ba da kunya wallahi. A gwajin farko na ƙasa baki ɗaya a 2011 wasu tashoshin rediyo da talabijin muryar ta fito a dagule, wasu ko ɗuriyarta ba su ji ba. Birtaniya ta yi nata ranar 23 ga Afrilun 2023, masu layin Three da yawa shiru kake ji.

Amma abin da ya faru a jihar Hawaii ta Amurka ya fi tayar da hankali. 13 ga Janairun 2018 ana cikin atisaye wani ma'aikaci ya saki saƙon gaske alhali babu wani hari, wai makami mai linzami na tafe, kowa ya nemi mafaka, har da cewa wannan ba atisaye ba ne. Mutane suka dinga buga wa 'yan uwa waya ana bankwana, sai da aka yi minti 38 kafin saƙon gyara ya iso wayoyi, don ba a ma tanadi rubutun janyewa ba.

Wani abu da ban taɓa kawowa a rai ba, kafin gwajin Birtaniya sai da aka gargaɗi matan da ke ɓoye waya saboda mazan da ke dukansu, su kashe ta ranar, don ko ka rufe mata murya sai ta yi ƙara.