Kafin ka biya kuɗin ɗaki a wajen makaranta

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasin yau na ɗalibai ne, musamman 'yan Jami'ar Bayero ta Kano, wato BUK, da ba su samu gado a cikin makaranta ba, waɗanda yanzu haka suke zagaye Ɗanbare da Rijiyar Zaki da Janbulo suna cigiyar ɗaki.

To ɗan'uwa, dillali zai ce maka wani ya riga ya gani, ya tafi ɗauko kuɗi. Kada hankalinka ya tashi. Ko sisi kada ka bayar sai ka ga mai gidan ido da ido, ko wakilinsa da maƙwabta suka shaida. La'ada kuwa, yawanci kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin haya, ku yanke maganarta tun kafin ya buɗe maka ƙofa.

Da ka shiga, ɗaga kanka sama. Idan ka ga shatin ruwa a silin, ko fenti ya kumbura a gindin bango, ɗakin nan yana yoyo ko yana jan danshi. Rani ne ya rufa masa asiri, ruwan Agusta zai tona. Maganar ruwa kuma kada ka tambayi dillali. Tsaya ka gaisa da ɗan hayan da ka tarar, ka ce masa, "Malam, rijiyar nan tana kai watan Afrilu?" In tana ƙafewa, sai ka sa kuɗin 'yan garuwa a lissafinka.

Yanzu wuta, nan nake so ku saurara da kyau. Ina aji biyu na kama ɗaki, ban duba komai ba. Sati uku da tarewata aka kawo bil, ashe wanda ya tashi ya bar bashin watanni. Mai gida ya ce ba ruwansa, da kuɗin abincina na biya. Don haka karɓi lambar mita, ka je ofishin kamfanin wuta na KEDCO mafi kusa ka tabbatar babu tsohon bashi. Idan mita ɗaya ce ta gida duka, tambayi yadda ake raba kuɗin kati, domin mai hita da dutsen guga ba ɗaya yake da mai fanka da cajin waya ba.

Sai rubutu. Takardar yarjejeniya ta faɗi ranar shiga da ranar ƙarewa, da wanda zai gyara rufi, da wanda zai biya kwashe masai. Shaidu biyu su sa hannu, ka karɓi rasit. In ku biyu za ku zauna, sunan kowa ya fito a takardar. Kafin ka shimfiɗa leda, ɗauki bidiyon ɗakin da wayarka, har tagar da ta fashe, ka tura wa mai gida ta WhatsApp a ranar.

Ranar tarewa canza kwaɗo, ban ce gobe ba. Ke kuma 'yar'uwa, ki zo da wani babba daga gida, ki je ganin layin bayan magariba ki ga su wa ke zama a bakin ƙofa. Bayan kun tare, ku nemi mai unguwa ku gaishe shi, ya san da zamanku.