Kujerar Gefe Babu Kowa

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Hadiza. Ga Baba Garba a damana, wanda ya daɗe yana jan babbar mota kafin gwiwa ta ce masa ya isa haka. Ga kuma Nura, da ya dawo mana daga tafiyar kwana uku a mota, shi kaɗai tilo. Nura, sannu da hanya.

Nura: Yauwa Anti, na gode. Har yanzu idan na kwanta sai in ji kamar gadon yana tafiya.

Baba Garba: Zai daina. Kwana biyu ne.

Hadiza: Ni abin da ya ɗaure min kai, me ya sa kai kaɗai? Ba ka rasa wanda zai raka ka ba.

Nura: Da gangan na yi. Anti, akwai wani daɗi da sai wanda ya gwada zai sani. Ba mai cewa ka rage rediyo, ba mai cewa ka tsaya ko ka ƙara wuta. Na fita da duku-duku, hanya fetal, ina kallon gari yana wayewa ta madubi. Maganganun da na yi shekara ina gudun yi da kaina, duk a ranar farko na gama su. Har waƙa na yi, da wannan muryar tawa.

Hadiza: Allah ya so mu ba ma ciki.

Baba Garba: Ranar farko ke nan. Ba mu labarin ta biyu, don na ga kana kewaye-kewaye.

Nura: Baba kun kama ni. Rana ta biyu, wajen ƙarfe uku na yamma, na ci na ƙoshi, na kunna esi, na rufe gilas. Na tuna na sha gaban wata tirela mai jan tamfol. Daga nan ban san komai ba sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin mota, kwar-kwar-kwar. Ashe tayoyin gefe sun sauka daga kwalta. Na dawo da sitiyari, na yi fakin, hannuna yana rawa. Da na duba madubi, babu tirelar, babu alamarta. Ke nan na yi nisa da ita, amma ban iya tuna ko bishiya ɗaya da na wuce ba. Kuma zan iya rantsewa idona a buɗe yake.

Baba Garba: A buɗe yake mana. Ido a buɗe, mai idon ya tafi. Shi ya sa ake cewa barci ɓarawo ne, ba ya sallama.

Hadiza: Masana barci sun san wannan. Ƙwaƙwalwa ce take ɗaukewa na 'yan daƙiƙoƙi, mutum bai ma san ya yi barci ba. Ku yi lissafi da ni: mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ɗaukewar daƙiƙa huɗu kawai, mita 111 ke nan. Ya fi tsawon filin ƙwallo, mota tana tafiya babu direba.

Nura: Kai! Da na san haka…

Baba Garba: Da ka sani ma da ba ka tsaya ba. Bari in gaya muku abin da mutane ba su gane ba game da yaron mota. Ana ɗauka aikinsa ɗaura igiya da canza taya. Babban aikinsa kallon fuskar direba. Ina da wani yaro da muka yi shekaru tare, da ya ga na fara sosa ƙeya, ina gyara zama, ina ƙifta ido a hankali, sai ya ce, "Oga, kamar tayar baya tana ƙara." Ƙarya yake. So yake in tsaya in sauka. Ni kuma na san ƙarya ce, amma sai in tsaya. To kai da ka tafi kai kaɗai, wa zai yi maka wannan ƙaryar? Wanda zai yanke hukunci ko ka gaji, shi ne wanda ya gajin. Ka taɓa ganin an ba ɓarawo alƙalancin kansa?

Nura: Gaskiya ne. Tun ƙarfe biyu nake hamma, amma ina ce wa kaina saura kaɗan, bari in kai gari na gaba.

Baba Garba: "Bari in kai gari na gaba." Wannan maganar ta cinye direbobi da yawa.

Hadiza: Kuma lokacin da abin ya same ka ba banza ba ne. Agogon jikin ɗan Adam yana yin ƙasa sau biyu: cikin dare, daga wajen ƙarfe biyu zuwa asuba, sai kuma bayan tsakar rana. Akwai binciken da wasu masana biyu na Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka fitar a 1997. Sun gano cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, kuzarinsa da saurin hankalinsa sun yi daidai da na mai giya kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wanda a ƙasashe da dama nan ne iyakar da doka ta sa wa direba. Ka tashi ƙarfe biyar na asuba, ƙarfe goma na dare ka cika awa 17.

Nura: Mutum bai taɓa kurɓar komai ba, amma yana tuƙi kamar mashayi.

Hadiza: Ƙwarai kuwa. To me ka yi kafin abin ya faru? Na san ba ka zauna haka kawai ba.

Nura: Duk dabarun da aka sani. Na tauna cingam, na ƙure rediyo, na mari cinyata, daga baya na sauke gilas iska ta buge ni.

Baba Garba: Duk na yi su, har da wanke fuska da ruwan sanyi. Minti kaɗan suke ba ka, sai barcin ya dawo da ƙarfinsa. Maganin barci, barci. Ka nemi wuri mai mutane da haske, ka kulle ƙofa, ka kwantar da kujera, minti 15 zuwa 20. Kada ka zarce, in ka nutsa sosai za ka tashi kanka ya yi nauyi.

Hadiza: Masu shan kofi kuma, ya fi kyau a sha kafin a kwanta ɗin, domin yakan ɗauki kamar minti 20 kafin ya fara aiki. Kana farkawa yana kamawa. Sannan esi ɗin nan, idan ka bar shi yana juya iskar cikin mota awa da awanni, numfashinka kake sake shaƙa, yana ƙara kasala. A riƙa barin iskar waje tana shiga.

Nura: Ni fa na ɗauka miƙaƙƙiyar hanya ta fi sauƙi.

Baba Garba: Ita ce mugu. Kwana da gangara suna sa ka aiki, hannu yana motsi, ƙafa tana kan burki. Miƙaƙƙiya kuwa lallashinka take.

Hadiza: A yammacin Ostireliya akwai wani yanki na babbar hanyar Eyre, kilomita 146 da ɗoriya babu kwana ko ɗaya. Ku kwatanta mutum shi kaɗai a wurin da rana tsaka. Shi ya sa ƙasashe ba su bar wa direba zaɓi ba. A Tarayyar Turai, direban babbar mota ba ya wuce awa huɗu da rabi bai huta minti 45 ba, kuma a ƙa'ida awa tara ne tuƙin yini. A Birtaniya, littafin dokokin hanya yana ba kowane direba shawarar hutun aƙalla minti 15 duk bayan awa biyu.

Baba Garba: Kin ga hikimar? An yanke maganar tun kafin a tada mota, lokacin da kai yake daidai. Mai tafiya shi kaɗai haka zai yi wa kansa. Tun a gida ka rubuta: nan zan tsaya, nan zan sha mai, nan zan kwana, ko da rana ba ta faɗi ba. Ka ba wani na gida takardar, ka ce in ƙarfe kaza ta yi bai ji ka ba, ya kira. Ka ga ka samu yaron mota ke nan, ko da yana nesa.

Nura: Wannan na yi a rana ta uku. Na ce wa yayata ta kira ni duk bayan awa biyu, kuma ba na ɗagawa sai na yi fakin. Ta takura min, amma ta yi aiki. Abin da ya ba ni wahala shi ne inda babu sabis. Sa'a ɗaya na ci, na sauke taswira a waya tun kafin in fita.

Hadiza: Ka gode Allah da wayar ma. A 1903 wani likita, Horatio Nelson Jackson, ya zama na farko da ya ratsa Amurka a mota, daga San Francisco zuwa New York. Kwana 63 ya yi, kuma da bakanikensa, har da kare. Sai 1915 wata 'yar fim, Anita King, ta yi irin tafiyar ita kaɗai, daga Kalifoniya zuwa New York, cikin kwana 49. Babu waya a aljihu, yawancin hanyar ma ba kwalta.

Baba Garba: Mace ita kaɗai? To lallai ta san cikin injin, don a wancan zamanin in mota ta tsaya kai ne bakanike. Yanzu yara suna hawa mota ba su san inda ake duba baƙin mai ba. Nura, ka duba ruwan lagireto kafin ka fita?

Nura: Na duba, Baba. Da safe, injin a sanyaye, kamar yadda kuka koya min. Ban manta da wanda kuka ce ya buɗe murfin da zafi ruwa ya ƙona masa fuska ba. Na duba baƙin mai, na duba burki, na auna iskar taya huɗu.

Baba Garba: Huɗu.

Nura: Eh, huɗu.

Baba Garba: Motarka taya nawa gare ta?

Nura: Au… safaya.

Hadiza: Kwana uku, Nura! Kada ka ce min ba ka buɗe but ba.

Nura: Na buɗe, jaka na saka. Jak ɗin ma ina jin yana wurin wani abokina tun bara.

Baba Garba: Hadiza, rufe shirin nan. Tashi mu je waje, ɗauko makullin.