Wata Shida na Dublin: Yaushe Agogon Yake Fara Bugawa?

[Hoto: waya a hannu, saƙon murya yana tafiya]

Wannan saƙon muryar, sau huɗu aka turo min shi a mako guda. Mai maganar yana rantsuwa cewa idan ka shiga Turai ta Italiya, ka tsallaka Jamus, ka samu wuri ka lafe wata shida, shi ke nan, Dublin ɗinka ya mutu, takardar zama ta zo hannu. Wata shidan gaskiya ne, yana cikin dokar Dublin, wadda take tantance wace ƙasar Turai ce za ta saurari mai neman mafaka. Sauran zancen kuwa shi yake jefa mutane a rami.

Bari mu bi hanyar da sauri, tunda kun san ta.

[Taswira: Agadez, Sabha, gaɓar teku, Lampedusa]

Agadez, Libiya ko Tunisiya, kwale-kwale, Lampedusa, tsibirin Italiya. Ana sauke ka, kafin gishirin teku ya bushe a jikinka, an ɗora yatsunka goma a kan wannan ɗan gilashin. Cikin awa 72 hoton yatsun ya tafi wani rumbun bayanai mai suna Eurodac, wanda yake aiki tun watan Janairun 2003. Hukumar da take riƙe da shi, eu-LISA, hedikwatarta tana Tallinn a Estoniya, na'urorin kuma suna Strasbourg a Faransa. Ƙasashe 27 na Tarayyar Turai duk suna leƙa shi, har da Norway, Iceland, Suwizalan da Liechtenstein.

Wani abin dariya, in da dariya a ciki: tsohon tsarin Eurodac bai ma ajiye sunanka ba. Yatsu, jinsi, wuri, rana, da lamba. Wato wanda ya kwana yana haddace sabon suna a jirgin ƙasa, wahala kawai ya sha, na'urar ba ta taɓa tambayar sunansa ba. Masu ƙona yatsa kuma, galibi fata tana tofowa da zanenta na asali.

[Ofishin karɓar masu neman mafaka a Jamus]

To, ka iso Jamus, ka nemi mafaka, an sake ɗaukar yatsu. Kwamfuta ta ce wannan mutumin an gan shi a Italiya. Daga nan ake buɗe maganar Dublin, dokar da ta samo suna daga babban birnin Ireland inda aka sa hannu a yarjejeniyar farko a 1990. Tambaya ɗaya take amsawa: wace ƙasa ce za ta saurari ƙararka? Ba ruwanta da ko ka cancanci mafaka. Takardar Dublin tana nufin a mayar da kai Italiya. Ba ta ce Kano ba, ba ta ce Damagaram ba. Kuma yatsa ba shi ne kan gaba ba; idan matarka ko ɗanka ƙarami suna da mafaka a wata ƙasa, ko kana da biza, ana fara duba waɗannan.

Yanzu ku ajiye abin da kuke yi, nan ne wurin.

[Kalanda a kan allo]

A dokar 2013, wadda ake kira Dublin ta uku, agogon wata shida ba ya farawa ranar da ka taka Jamus. Ba ya farawa ranar da ka nemi mafaka. Yana farawa ne ranar da Italiya ta amsa cewa ta yarda ta karɓe ka.

Mu ƙirga tare. A ce ka nemi mafaka a Janairu. Jamus tana da wata biyu daga ranar da yatsunka suka fito a Eurodac ta aika wa Italiya buƙata. Mun kai Maris. Italiya kuma, idan yatsa kawai ta ɗauka a bakin teku, tana da wata biyu ta ba da amsa. Idan ka riga ka nemi mafaka a can, mako biyu ne. In ta yi gum? A wannan dokar shiru amsa ce, kuma amsar ita ce to. Ga mu a Mayu. Sai yanzu agogo ya fara. Wa'adin zai cika a Nuwamba. Mai saƙon murya da ya soma ƙirge tun Janairu, a Yuli zai fito yana murna, ya ci karo da 'yan sanda da saura wata huɗu cur.

Wannan ma da sauƙi. Ga inda ɓuyan take zama garin neman gira a rasa ido. Idan aka zo sansanin da aka ajiye ka ba a same ka ba, aka rubuta cewa ka gudu, doka ta ba Jamus dama ta tsawaita wa'adin zuwa wata 18. Ba shida ba, goma sha takwas. Nuwamban bana ya koma Nuwamban baɗi. Shekara guda ƙari, kana kwana a falon wani, ba aiki na halal, ciwo ya kama ka kana tsoron asibiti, ko ƙarar birki ka ji a ƙasan bene gabanka ya faɗi. Shawarar da aka ba ka don ka kashe agogon, ita ce ta ninka shi uku.

Haka idan ka ɗaukaka ƙara, kotu ta dakatar da mayar da kai, daga baya ka faɗi, ƙirgen wata shidan yana komawa farko. Ba ina cewa kada ka je kotu ba ne. Ka dai tambayi lauya wannan lissafin kafin ka sa hannu.

Kun ji labarin coci-coci a Jamus da suke ba mutane masauki har wa'adi ya wuce? Bambancin shi ne suna sanar da hukuma inda mutumin yake. Kotun Jamus ta ce wanda aka san adireshinsa ba za a kira shi gudajje ba.

[Layin mutane a bakin ofis]

A ce kuma wa'adin ya cika ba a mayar da kai ba. Me ka samu? Jamus ta zama ita ce mai sauraron ƙararka. Iyakacinsa ke nan. Sai a lokacin za a zaunar da kai a tambaye ka me ya raba ka da gida, kuma za su iya cewa a'a. Wanda kuwa Italiya ta riga ta ba shi mafaka, babu wani agogon wata shida a kansa, tasa shari'ar daban ce.

A ganina, tsarin nan ya fi ƙwarewa wajen sa mutane jira fiye da komai. Mafi yawan buƙatun Dublin ba sa ƙarewa da mayar da kowa. A 2011 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta samu Beljiyam da laifi don ta mayar da wani ɗan Afganistan Girka, aka shafe shekaru ba a kai mutane can. A Disambar 2022 Italiya ta ce wuraren saukar baƙinta sun cika, ta dakatar da karɓa. Takardu suna ta yawo tsakanin ofisoshi, mutum yana zaune a ɗaki yana ƙirga kwanaki.

Turawan ma sun san da haka, shi ya sa a 2024 suka amince da sabon kundin dokokin mafaka, wanda aka tsara ya fara aiki a tsakiyar 2026. Kada ku ɗauka sassauci ne. Eurodac zai ɗauki hoton fuska, zai ajiye suna, shekarun ɗaukar yatsa sun sauko daga 14 zuwa 6. Yaron da bai gama famfara ba. Wanda aka rubuta ya gudu kuma, wa'adinsa zai iya kaiwa shekara uku.

[Ambulan mai ruwan ɗorawa a akwatin wasiƙa]

Wannan ambulan ɗin, wanda hukuma take aiko da hukuncin mayar da kai a cikinsa, ku dubi kusurwarsa, akwai ranar da aka kawo shi a rubuce da biro. A Jamus, daga wannan ranar mako ɗaya kawai gare ka ka kai ƙarar gaggawa kotu. Kada ka yar da ambulan ɗin, lauya shi zai fara tambaya.