Tarbiyyar yaron da ba ya iya zama wuri guda

Jama'a masu sauraronmu a birnin Damagaram da ƙauyukan da ke kewaye da shi, assalamu alaikum. Da wuya a sami unguwa, daga Birni zuwa Zango zuwa Sabon Gari, da babu wani yaro wanda sunansa ya fi na kowa fita a bakin manya: shi ne ba ya zama wuri guda, shi ne ke katse wa manya magana, shi ne kullum ake kawo ƙararsa daga lakwal da makarantar allo. Mun saba cewa ƙiriniya ce, ko rawar kai, ko kunnen ƙashi, kuma ga yawancin yara haka ɗin ne, abin yana wucewa da shekaru. Amma akwai ƙalilan waɗanda abin da ke damunsu larura ce ta ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira TDAH da Faransanci, ADHD da Ingilishi, wato larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi. A kan tarbiyyar irin wannan yaro sharhinmu na yau zai tsaya.

Larurar ba sabuwa ba ce, tun shekarar 1902 wani likitan yara a Landan mai suna George Still ya yi bayanin yara masu cikakken hankali da suka kasa riƙe kansu. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna cewa kusan yara 5 cikin 100 ne ke da ita, ke nan a aji mai ɗalibai 60 ana iya samun kamar uku. Babban tushenta gado ne, domin nazarin da aka yi a kan tagwaye ya ɗora sama da kashi 70 cikin 100 na abin a kan jini, saura kuwa ya haɗa da haihuwar bakwaini, ƙarancin nauyi a lokacin haihuwa, da gubar dalma. Shan sukari ba ya kawo ta, sangarta ma ba ta kawo ta. Sau da yawa uban da ke kuka da ɗansa, in aka tambayi tsofaffin gidansu, za su ce ai shi ma haka ya yi.

Mu dubi abin kusa. Uwa tana gindin murhu, ta miƙa wa ɗanta mai shekara takwas dala arba'in, ta ce: «Maza ka sayo maggi da gishiri, ka biya gidan Inna ka karɓo mini rariya, kada ka tsaya.» Ya fita da gudu da niyyar cika aike, sai ya ci karo da yara suna gara tayar keke a bakin titi. Bayan rabin awa ya dawo da maggi kaɗai, canji ya zube, rariya kuwa ko tunawa bai yi ba. Abin lura shi ne, in aka tsare shi aka ce ya faɗi abin da aka aike shi, zai jero shi duka yana hawaye. Ya san umarnin, ya san kuma hukuncin da ke jiransa, amma a daidai lokacin da ya kamata sanin ya tsayar da shi, bai tsayar da shi ba. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke riƙe abu a zuci har a gama shi, yana kuma cewa dakata kafin hannu ya kai, shi ne ke jinkirin nuna a wurin waɗannan yara. Wani bincike da aka yi da hoton ƙwaƙwalwa a Amurka a shekarar 2007 ya gano jinkirin kusan shekara uku. Kamar kabu-kabu ne mai lafiyayyen inji amma birkinsa bai kama sosai ba, kuma duk wanda ya taɓa hawa irin wannan babur ya san cewa tsawa ga direba ba ta gyara birki.

A nan ne muke da magana da dorina. Iyaye da malamai sukan kafa hujja da cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma babu mai musun cewa tarbiyya tun ƙuruciya take. Sai dai duka yana koya wa yaro ne abin da bai sani ba ko abin da ya raina, shi kuwa wannan ya sani kuma bai raina ba. Abin da duka na kullum ke haifarwa a wurinsa shi ne ƙarya don tsira, gudun gida, da zuciyar da ta daina jin zafi. Yaron da tun asuba har dare ba ya jin komai sai «kai ba ka ji», «kai ba za ka yi albarka ba», a ƙarshe yakan yarda cewa haka yake, kuma wannan ya fi larurar kanta illa. Uwar ma ba ta tsira ba, domin uwar miji da maƙwabta sukan ɗora mata laifi, a ce ita ta lalata shi. A ganinmu wannan zalunci ne biyu a gida ɗaya. Haka nan tura shi nesa da gida don wani ya lanƙwasa shi, yana raba shi ne da mutanen da suka fi kowa sanin halinsa.

Abin da aka ga yana aiki ba ya cin kuɗi, haƙuri da nacin kullum yake ci. Kada a kwaɗa masa umarni daga ɗaka yana tsakar gida. A matsa kusa da shi, a kira sunansa, a bari ido ya haɗu, a ba shi aiki ɗaya tak, a sa ya maimaita da bakinsa: gishiri, sai ya dawo, sannan rariya. In ya cika, a yaba masa nan take a faɗi abin da ya yi, «madalla, ka tafi ka dawo ba ka tsaya ba», domin alkawarin kayan salla da ke wata uku gaba ba ya motsa shi, abin da ke gabansa yanzu ne ke motsa shi. Hukunci ma haka: ƙarami, nan take, iri ɗaya kullum, kamar hana shi fita wasa na ɗan lokaci, kuma uwa da uba da kaka su tsaya a kan magana ɗaya. Gidajenmu suna da agogon da ya dace da shi, wato lokutan salla biyar, sai a ɗaura ayyukansa a kansu har su zama jiki. Karatun gida a yanka shi minti goma-goma da ɗan tashi a tsakani. Ƙarfin jikin nan kuma a ba shi mafita, ya ɗebo ruwa, ya zuba wa tumaki harawa, ya buga ƙwallo, ya yi langa, sannan a raba shi da waya da dare don ya sami barci. A lakwal, uba ya je da kansa ya roƙi mushe, wato malamin aji, ya zaunar da yaron a gaba nesa da taga, ya riƙa sa shi goge allo ko raba littattafai, don tashin da zai yi ko ta halin ƙaƙa ya zama da izini. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma, ga yaran da ba su kai shekara 6 ba, horar da iyaye a kan irin waɗannan dabaru ta sa a gaba kafin magani.

Amma kada kowa ya ji wannan sharhi ya yanke wa ɗansa hukunci da kansa. Kafin likita ya ce larurar ce, sai alamun sun kai wata 6, sun fara kafin shekara 12, ana ganin su a wuri biyu ko fiye kamar gida da makaranta, kuma suna ɓata karatu ko zama da mutane. Akwai abubuwa da yawa masu kama da ita. Sanƙarau, wanda jiharmu ta san shi sarai a lokacin zafi, yakan bar yaro da raunin ji, a yi ta cewa ba ya saurara alhali ba ya ji ne. Raunin gani, yunwa, ƙarancin jini, rashin barci, wata ƙaramar farfaɗiya da ke ɗauke hankali na ƴan daƙiƙoƙi, tashin hankali tsakanin iyaye, har da zaman aji inda ake magana da Faransancin da yaro bai fahimta ba, duk suna iya hana natsuwa. Sannan akwai yarinyar da ba ta damun kowa, tana zaune shiru hankalinta ya tafi, tuwo ya ƙone a gabanta, a ce sakarci ne. Ita ma tana iya zama mai larurar, kuma ita aka fi mantawa. Addu'a da tofi ba su hana zuwa likita, a fara da asibitin unguwa, in da buƙata a tura mutum babban asibitin ƙasa na nan Zinder, kuma a tafi da bayanin mushe da na malamin allo.

Game da magani, wanda aka fi sani shi ne metilfenidat, da ake sayarwa da sunan Ritalin, kuma yana taimakon yara da yawa. Yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa tsaro, yana iya rage cin abinci da barci, don haka likita ne kaɗai ke rubuta shi yana bin nauyin yaro da tsayinsa. Ba a neman sa wurin masu tallar ƙwayoyi a faranti, ba a kuma ɗura wa yaro maganin mura mai sa barci don a huta. Da yawa daga cikin yaran nan suna girma da larurar, kuma waɗanda aka bari ba kulawa sun fi sauran shiga haɗarin barin makaranta, haɗarin hanya da shaye-shaye, abin da bai kamata mu raina ba a garin da tramol ba ya wuyar samu. Saboda haka idan yaron ya tasa, iyaye su sa ido a kan abokansa da hawan babur, su kuma nema masa, tare da karatunsa, sana'ar da hannu da jiki ke aiki a cikinta, wurin mai gida mai haƙuri wanda aka yi wa bayanin halinsa tun ranar farko.