Gwaji Ya Ce Sifiri, Amma Gansakuka Ta Cika Tanki

[Hoto: tankin ruwan gishiri, koren gashi ya lulluɓe duwatsu, a gefe na'urar gwaji tana nuna 0.00]

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kiwon murjani da kifin teku a gida. Tambaya ɗaya ce ta cika mana kunne kwanakin nan: "Na gwada naitiret, sifiri. Na gwada fosfet, sifiri. To me gansakukar nan take ci?" Naitiret da fosfet sinadarai ne da ke cikin ruwa, su ne abincin gansakuka. A kanta za mu tsaya yau, sauran kuwa da sauri za mu wuce su.

[Hotuna huɗu, ɗaya bayan ɗaya]

Ku fara gane wadda ta kama ku. Wannan ƙura mai ruwan ƙasa a kan yashi, dayatom ce. Tana zuwa a makonnin farko na sabon tanki, tana cin silika, in ya ƙare ta tafi da kanta. Wannan jan shimfiɗa mai yauƙi, sayano ce, ƙwayar bakteriya, tana son lungun da ruwa ba ya motsi. Waɗannan korayen ƙwallaye masu sheƙi, Valonia. Wannan kuma mai kama da gemu, tana kaɗawa in ruwa ya buga ta, ita ce gansakuka mai gashi, wadda ta hana yawancinku barci.

[Hoto: hannu yana ɗiga maganin gwaji a ƙaramar kwalba]

To, ku natsu a nan. Abin gwajin nan, ko na kamfanin Salifert ne ko na'urar kamfanin Hanna, ba ya auna abincin da ke shiga tanki. Abin da ya rage yana yawo a ruwa a daidai lokacin da ka ɗibi samfur, shi kaɗai yake gani. Kifi ya ci abinci, ya yi kashi, ragowar abinci ya ruɓe a ƙarƙashin dutse, naitiret da fosfet suna fita dare da rana. Gansakuka kuma tana zaune a bakin wurin, suna fitowa tana shanyewa. Kafin su kai ga kwalbarka, sun zama koren gashi. Kwanon da ka tarar wayam a gida mai yara da yawa, ai ba ya nufin ba a yi girki ba.

Saboda haka sifirin da ka gani gaskiya ne, fassarar da ka yi masa ce ba daidai ba. Abincin yana nan, yana cikin jikin gansakukar.

[Hoto: dutsen tanki daga kusa, da ƙananan ramukansa]

Akwai kuma maɓoya ta biyu. Ku dubi ramukan dutsen nan. Dutse da yashin tanki na kalsiyom kabonet ne, fosfet yana manne musu. Idan tanki ya yi watanni da fosfet mai yawa, dutsen ya sha ya ƙoshi. Ranar da ka rage na cikin ruwa, sai ya fara sako nasa kaɗan kaɗan, kuma wa ke zaune a kansa? Shi ya sa mutum zai canja ruwa sau uku a mako, ya ga kamar ba abin da ya yi. Dutse yakan ɗauki watanni kafin ya gama amayar da abin da ya tara.

Abin da ya fi damuna shi ne matakin da mutane ke ɗauka bayan nan. Sai su rage wa kifi abinci, su cika matata da GFO, wani gari mai kama fosfet, su ƙara ƙarfin sikima, na'urar da ke kwashe datti daga ruwa da kumfa, wai sai sun kashe gansakuka da yunwa. Wanda yunwar ke fara kamawa shi ne murjani. A cikin naman murjani akwai ƙananan halittu, zuzantele, da suke haɗa masa abinci da haske, su ma naitirojin da fosfaras, waɗanda ke cikin naitiret da fosfet, suke buƙata. Murjani ya koɗe, launinsa ya dushe, gansakuka kuwa tana ta shan na dutse.

[Hoto: zare mai ruwan ƙasa, mai yauƙi, da kumfar iska a jikinsa]

Sai wannan baƙon ya iso. Dainofilajelet. Masu kiwo sun daɗe da lura cewa ya fi ɓarkewa a tankin da aka matse har naitiret da fosfet suka ƙare, domin halittun da ke gasa da shi sun raunana. Za ku gane shi: da safe yashi fes, fitila na kunnuwa ya dawo da kumfarsa. Wani irinsa, Ostreopsis, yana da guba, yana kashe dodon koɗi. In ka ga dodannin koɗinka suna faɗowa daga gilashi suna mutuwa, ka sa safar hannu kafin ka taɓa ruwan, ka nemi madubin ƙara girma ka tabbatar da irinsa. Wallahi gara gansakuka mai gashi sau goma a kan wannan.

To ina za a tsaya? Naitiret tsakanin 2 zuwa 10 ppm, wato kashi a cikin miliyan, fosfet tsakanin 0.03 zuwa 0.1. Lambar da za ka iya karantawa, wadda ba ta tsalle daga mako zuwa mako.

[Hoto: yatsu suna tumɓuke gashi, tiyo yana zuƙe gutsattsarin zuwa bokiti]

Hanyar sanin lambarka ta gaskiya ga ta a gabanku. Kashe famfo. Tumɓuke da hannu, goge da tsohon buroshin haƙori, tiyo yana kusa yana zuƙewa. Kada ka bar gutsure ya yi yawo, zai ruɓe ya mayar da abin da ya ci. Duk dunƙulen da ya faɗa bokitin nan, fosfet ne ya bar tankinka. Bayan kwana biyu ko uku ka sake gwaji. Sau da yawa lambar za ta tashi. Kada gabanka ya faɗi, yanzu ne ka ga abin da tankin ke fitarwa, kuma a kan wannan lambar za ka yi lissafin GFO ko canjin ruwa, a hankali.

[Hoto: dodon koɗi yana tafiya a kan dutse, ya bar farin layi a bayansa]

Ku bar shi ya yi tafiyarsa, bari in ba ku labarin Jamaika. A 1983 wata cuta ta kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, Diadema, a tekun Karebiyan. Dama masunta sun riga sun rage kifayen da ke cin ganye, guguwar Allen ta 1980 ta farfasa murjani. Da bushiyar ta tafi, babu mai kiwo. Binciken Terence Hughes na 1994 ya nuna murjani a gaɓar Jamaika ya faɗo daga sama da kashi 50 zuwa ƙasa da kashi 5, gansakuka ta mamaye wurin. A teku ma, bakin masu ci ne ke riƙe ta. Don haka ka zuba ma'aikata: dodon koɗi irin Trochus da Turbo, ƙaramar bushiyar teku, koriyar ƙaguwa saboda Valonia. Kifin tan mai cin ganye kuwa, sai babban tanki. Amma ka sani ba sa son dogon gashi, sai ka aske musu shi ya zama gajere tukuna.

[Hotuna da sauri]

Sauran a taƙaice. Ruwan famfo ko na rijiya kada ya shiga tanki, sai wanda ya bi ta matatar RO/DI mai tace ruwa tas, mitar TDS mai auna abin da ya narke a ruwa ta nuna 0. Gishiri 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Zafi digiri 25 zuwa 26. Fitila awa 8 zuwa 9, tanki nesa da taga. Canjin ruwa kashi 10 cikin ɗari a mako. In kana da ƙaramin tanki a ƙasa, ka shuka Chaetomorpha, wata gansakuka da za ta shanye naitiret da fosfet a can, ka riƙa yanke ta kana zubarwa. Idan kuma gashin yana da rassa kamar gashin tsuntsu, Bryopsis ce, masu kiwo ba su cika cin ta ba, maganinta daban ne, fulukonazol, kuma bidiyonta na nan tafe.

Abu ɗaya za ka canja a lokaci guda, ka ba shi mako biyu. Ka rubuta lambobin gwaji a littafi, ka ɗauki hoton dutse ɗaya duk Juma'a daga wuri ɗaya, ka kwatanta.