Ƙwayoyin tushe na ɗan tayi: wai zubar da ciki ne?

Ku ɗauki biro ku ɗiga ɗigo ɗaya a takarda. Toh abin da za mu yi magana a kai yau bai ma kai wannan ɗigon girma ba. Ƙwan mace ne da maniyyi ya shiga, yau kwana biyar, ya rarrabu ya zama ƙwayoyin halitta ɗari da 'yan kai, babu kai babu ƙafa babu zuciya, wani ɗan ƙwallo ne mai rami, a gefe guda daga ciki kuma akwai wani ɗan curi. A kan wannan curin ake ta ja-in-ja.

Ƙwayar fatarka fata ce har ta mutu, amma na cikin curin nan ba su riga sun zaɓi sana'a ba, za su iya zama jini, tsoka, jijiyar ƙwaƙwalwa, ko ƙwayar da ke samar da insulin. Shi ya sa ake ce musu ƙwayoyin tushe. A 1998 James Thomson na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya fara ciro na ɗan Adam ya raya su a ɗakin gwaje-gwaje, likitoci suka fara hango magani ga mai ciwon suga da ke soka wa kansa allura kullum, da mai cutar Parkinson da hannunsa ke karkarwa ko kofin ruwa bai iya kai wa baki. Sai dai fa in an ciri curin, ɗan tayin ya tashi aiki, ba zai ƙara girma ba.

Mutane da yawa da sun ji haka sai su ce ai zubar da ciki ne. A'a, ku tsaya. Wannan ɗan tayin bai taɓa shiga mahaifa ba. Tun da aka haifi Louise Brown a Ingila a 1978 ta hanyar IVF, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a waje sannan a dasa wa mace, asibitoci kan haɗa fiye da wanda za a dasa don ba kowanne ke kamawa ba. Ragowar sai a daskarar da su a cikin tulun naitirojin, wasu su shekara goma a nan, ma'auratan sun samu 'ya'yansu sun gama, ƙarshe a tambaye su, a ci gaba da ajiya ne, a zubar, ko a bayar don bincike? Daga nan mafi yawan ƙwayoyin tushen na ɗan tayi ke fitowa.

Abin da ya haɗa maganar da zubar da ciki tambaya ɗaya ce, yaushe mutum ke zama mutum? Cocin Katolika ta ce tun ranar da ƙwai ya haɗu da maniyyi, ta rubuta haka a 1987, kuma gaskiya ba magana ce ta banza ba, don ni da ku duk mun taɓa zama wannan ɗigon. A wajensu ba a kashe wani don a warkar da wani, komai ƙanƙantarsa. Da irin wannan hujjar ce shugaba Bush ya taƙaita kuɗin gwamnatin tarayya a kan binciken a watan Agustan 2001, Obama ya ɗage takunkumin a 2009.

Malaman Musulunci kuma da matakai suka kalli abin, nuɗfa, alaƙa, mudga, kamar yadda ya zo a Suratul Mu'minun, ga kuma hadisin Ibn Mas'ud na kwana arba'in sau uku, inda akasari suka fahimci bayan kwana 120 ake busa rai. Wannan ba lasisi ba ne fa, Malikiyya sun tsananta a kan zubar da ciki tun daga farkonsa. Amma a 2003 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, da ta zauna a Makka ta halatta amfani da ragowar na IVF in iyayen sun yarda, ta haramta wanda aka samo daga cikin da aka zubar da gangan ba da uzurin lafiya ba, da wanda aka haɗa musamman don a yi gwaji da shi.

Ni nan zuciyata ta fi kwanciya. Abin da ko ta yaya zubar da shi za a yi, iyayen sun sani sun amince, ban ga yadda kwandon shara ya fi mutunta shi a kan neman wa mara lafiya magani ba. Amma a ƙirƙiro shi don a lalata, wannan kam ban yarda ba, kuma ba ɗan tayin kaɗai nake ji ba, har da matan da za a ɗura wa allurai don a kwashi ƙwansu. An gani a Koriya ta Kudu wajen 2005, lokacin da asirin wani mai binciken ƙwayoyin tushe, Hwang Woo-suk, ya tonu, sakamakon nasa ƙarya ne, sannan cikin waɗanda aka karɓi ƙwansu har da mata masu aiki a ƙarƙashinsa. Wace ce za ta iya ce wa oga a'a?

A 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna za a iya mayar da ƙwayar fata baya ta koma ta tushe ba tare da an taɓa ɗan tayi ba, ya fara da ɓera, 2007 ya yi da na mutum, ya ci kyautar Nobel a 2012. Wannan ya rage zafin rigimar sosai, ko da yake har yanzu da na ɗan tayi ake auna ingancinsu.

Yanzu rigimar ta koma wani wajen. Tun rahoton kwamitin Warnock na 1984 a Birtaniya aka shata layi, kada a raya ɗan tayi a ɗakin gwaji ya wuce kwana 14, don kafin nan zai iya rabewa ya zama tagwaye. Da can layin bai takura kowa ba tunda ba wanda ke iya kaiwa. A 2016 aka kai kwana 13, a 2021 kuma ƙungiyar masu binciken ƙwayoyin tushe ta duniya ta sassauta matsayinta, ta ce a riƙa duba kowace buƙata ita kaɗai.