Jawabin Maraba ga Mai Girma Jakadan Masarautar Maroko, Daga Kwamitin Dattawan Unguwannin Bakin Ganuwar Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai Girma Jakada, 'yan tawagarka, wakilan fada, masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu maza da mata, Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa Kano ta Dabo, tumbin giwa. Kai wakilin Mai Martaba Sarki Muhammadu na Shida ne, wanda ya tako ƙasar nan da kansa a 2016, kuma manomanmu sun ga amfanin yarjejeniyar taki da aka ƙulla a lokacin. Yaranmu kuwa har yau ba su daina zancen 2022 ba, shekarar da Maroko ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya. Girmanka ba ya buƙatar gabatarwa, don haka ba za mu cinye maka lokaci ba.

Ka yi mana afuwa, za mu ajiye ƙoƙon bararmu tun kafin mu shiga tarihi, saboda abin yana cin ranmu. Ganuwarmu tana rushewa. Muna roƙon Masarautar Maroko ta aiko mana da ƙwararrun maginan ƙasa, irin waɗanda ke kula da ganuwar Marrakesh, su duba abin da ya rage na badalar Kano, su zauna da maginanmu a ceto shi kafin damina ta sake faɗuwa.

Ba baƙo muke roƙo ba. Tarihin sarakunanmu ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashin ganuwar nan, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. A daidai wannan zamani, cikin shekarun 1120, Sarkin Murabiɗai Aliyu ɗan Yusufu ya kewaye Marrakesh da tata ganuwar ta jar ƙasa. Ke nan ganuwarku da tamu sa'annin juna ne, Sahara ce kawai a tsakaninsu. Ku kuna danƙara ƙasa da farar ƙasa a tsakanin katako har ta yi tauri. Mu kuwa magini ne zai kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya murza tubali da hannu, ya shanya, ya jera shi tsini a sama, sannan a bi da yaɓe. Hannu ya bambanta, ƙasar ɗaya ce. Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ganuwar, ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina gidan da sarakunan Kano ke zaune a ciki har yau. A zamaninsa ne Shehu Magili ya zo mana daga Magrib, kuma zuriyarsa na nan a unguwar Sharifai, ana iya kai ka ku gaisa.

Shiga kowace makarantar allo a birnin nan, ka karɓi allon yaro ka duba. Rubutun Magrib za ka gani, karatun Warshu za ka ji, kamar yadda ake yi a Fas. Mazhabar Malikiyya muke bi tare. Duk shekara mutanenmu na tara guzuri su tafi ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815. Malamanmu suna ambaton makarantar Ƙarawiyyin ta birnin Fas, wadda baiwar Allah Fadimatu Fihriyya ta kafa a 859, da girmamawa irin ta ɗalibi ga malaminsa.

Akwai kuma wani tsohon bashi, kuma da fara'a muke tuna maka shi. Ɗaruruwan shekaru majemanmu suna jeme fatar jar akuya da bagaruwa, su rine ta da karan dafi, fatake su ɗora wa raƙuma su keta hamada da ita zuwa biranen gaɓar teku. Da ta isa kasuwannin Turai sai aka riƙa kiranta fatar Maroko. Gumin na Kano da Sakkwato, sunan naku. Ba mu taɓa kai ƙara ba, Ranka ya daɗe, yau ne dai muka ga ranar da za a saka mana.

Ganuwar nan ta ga duniya. Bature Barth ya shigo ta cikinta a 1851, ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A 1903 sai da Turawan Ingila suka jawo igwa kafin su shiga garin. Abin da igwa ba ta gama da shi ba, mu 'yan gida muka gama. Wannan ya sari ƙasa ya yi bulo, wancan ya yanki fili ya kafa shago, wani ya mai da gindinta juji. Kududdufan da aka haƙa aka gina ta, waɗanda ke shanye ruwan sama, an cike da yawa an yi gini a kai, ruwan ya rasa hanya ya koma cin gindin badala. Akwai wuraren da muka hau muka yi wasa muna yara, tsakanin Ƙofar Na'isa da Ƙofar Gadon Ƙaya, yau jikokinmu na tambaya wai ina ganuwar take. An zo an auna, an ɗauki hotuna, an yi mana alkawari, ba sau ɗaya ba. Tun 2007 sunan ganuwar ke cikin jerin jiran hukumar UNESCO, alhali Fas ta shiga kundinta na wuraren tarihi na duniya tun 1981, Marrakesh a 1985. Ba hassada muke ba, wallahi. So muke mu koyi yadda kuka yi.

Mun kuma ga yadda girgizar ƙasar Satumban 2023 ta taɓa ganuwar Marrakesh da ƙauyukan duwatsun Atlas. Mun yi muku addu'a a masallatanmu, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mun ga ba ku bar ginin kakanninku a yashe ba, kun tashi kun kama gyara. Waɗannan hannayen muke so a ara mana.

Muna da wasu buƙatun: guraben karatu ga 'ya'yanmu a jami'o'inku, sauƙin biza ga masu ziyarar Fas, da haɗa majemanmu da takwarorinsu na can. In an samu, madalla. Amma in abu ɗaya za ka ɗauka daga wannan zama ka kai gaba, to ganuwa ce. Tsofaffin maginanmu da suka san sirrin makuba da ɗaurin azara suna ƙarewa, samari sun koma siminti. Ko mutum biyu aka turo mana na 'yan watanni, aka ɗauki samarinmu kaɗan suka je suka ga aiki da idonsu, mu za mu kawo ƙasa, mu kawo ruwa, mu yi gayya kamar yadda kakanninmu suka yi.

Bayan addu'a za mu roƙe ka ka taka da mu zuwa bakin badala, ba nisa, ka ga tsagar da muke magana a kai. Ga kuma 'yar tsaraba: buzun sallah jimar Kano, da rawani rinin Ƙofar Mata.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, ya ƙara danƙon zumunci tsakanin Maroko da Nijeriya, ya mai da kai masaukinka lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.